Jan Maɓallin Tela

Asabar, 6 ga Satumba

Ni ne Gagara-Kamu, uban ɓarayin Birnin Gishiri, wanda ya saci takalmin alƙali alhali alƙalin yana tsaye a cikinsa. Na ga ya dace in fara ajiye tarihina da hannuna, domin na lura marubutan zamani ba su da tsoron Allah. Duk wanda ya buɗe littafin nan ba da izinina ba, ƙaiƙayi ya kama shi inda hannu ba ya kaiwa.

Yau ma mun zauna a fada. Fadar dai shagon Tela ce, idan ya ture yadi gefe ya shimfiɗa takardar awo a kan teburin yanka. A kanta ya zana duniya da allin ɗinki: ga kogi, ga birni, ga dajin da ya ce kada mu shiga, muka shiga. Shi ne mai jan labari. Shi ne sarki, shi ne dodo, shi ne tsohuwa mai sayar da itace. Mu huɗu, kowa da gwarzonsa. In ka ce za ka yi abu sai ka jefa ƙwaya, irin ta ludo amma mai fuska ashirin. Ta ba ka babba ka yi nasara, ta ba ka ƙarami ka sha kunya. Ba caca ba ce, na gaji da faɗa wa matar da ke cewa ita ta haife ni.

A kan taswira ni ne kwarkwaron baƙin zare. Anti Nas, ƙanwar Tela mai aikin asibiti, ita ce kwalbar man keke, gwarzuwarta mai magani ce, wai ko a wasa ba ta huta ba. Sifana bakanike ya zo da notinsa daga gareji. Yaya kuwa, wato wana, murfin kwalbar lemo ne. Sunan gwarzonsa Mai Garkuwa, aikinsa ya tsaya gaba a doke shi.

Da muka tashi Tela ya jawo gwangwanin maɓallansa ya ce ya gaji da jan mutanen da ba su da uwa ba su da gari. Kowa ya rubuto masa asalin gwarzonsa: ina aka haife shi, wa ya baro a gida, me yake tsoro. Wanda ya kawo, jan maɓalli ɗaya. Ranar da ƙwaya ta ci amanarka, ka ajiye maɓalli ka sake jifa.

"Amma ku sani," in ji shi, "duk wanda kuka sa a ciki, hannuna zai kai gare shi."

Maɓallin nan nawa ne. An gama.

Lahadi, 7 ga Satumba

Na rubuta asalina a shagon askin da nake ɓuya da sunan ma'aikaci, don kada maƙiya su gane ni. Boko ban yi ba, allo kawai. Haruffan nan a waya da allunan shaguna na tsince su ɗaya-ɗaya. Amma hannu, ai hannun wanda ya sha rubuta allo ne, layi a miƙe kamar an ja zare.

Ga asalin: Gagara-Kamu daga ƙwai ya fito. Ƙwan ma tsintarsa aka yi a hanya. Ba uwa, ba uba, ba ƙane, ba budurwa, ba abin da yake tsoro. Mu ga inda hannun Tela zai kama.

Talata, 9 ga Satumba

Ya ƙi.

Ya karanta yana taka keke, ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, "Mutumin da ba shi da abin da za a ƙwace masa, in ba shi maɓalli ya kare me?" Na ce ya kare ƙwan. Ya ce in fita in ba shi iska.

Ina fita na haɗu da Sifana da takardu cike da hannu, duk tabon baƙin mai. Ya rubuto kakannin gwarzonsa tun daga na farko, har da sunan jakunansu, yana lissafin kowane kaka da maɓallinsa. Na tsaya a bakin ƙofa don in ji. Maɓalli ɗaya aka ba shi. Ya ce wannan zalunci ne. Na ce masa ya yi haƙuri, jakunan ne ba su da shaidu.

Laraba, 10 ga Satumba

Hanya ta buɗe. Yaya ya dawo daga wurin wankin mota, ya zauna yana cire takalmi, ya ce, "Auta, kai ne mai baki. Rubuta min wani abu ka kai wa Tela."

Na ce ladan fa?

Ya ce, "Ka riƙe maɓallin."

Ga wanda zai karanta tarihin nan bayan shekaru dubu: Yaya direba ne, ko in ce dā. Motar ma'aikatan wani kamfani yake ja. Farkon shekarar nan gyangyaɗi ya ɗauke shi da safe, motar ta gangara rami. Ba wanda ya mutu, wata mata dai ta karye a hannu. Aka sallame shi. Tun daga nan maganarsa ta koma "to" da "a'a". Yana wanke motocin mutane, ba ya tuƙa su ko daga nan zuwa can. Tela ne ya ja shi wasan nan da ƙyar. A teburin nan kaɗai yake dariya, wani lokaci har da buga ƙafa.

Na zauna na tsara masa asali mai kyau. Mai Garkuwa dā madugun amalanke ne. Wata rana barci ya kwashe shi a kan hanya, ya yi minsharin da shanu suka ɗauka zaki ne, suka zura rami da mutane. Wata mata ta karye a hannu, tana bin sa gari-gari da ɗaya hannun tana neman kunnensa. Na yi dariya har mai shago ya leƙo.

Na naɗe na kai. Yaya bai ce in nuna masa ba, ni ma ban ce ga shi ba.

Asabar, 13 ga Satumba

An raba maɓallai. Tela ya miƙa wa Yaya nasa da hannu biyu, ya dube shi ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Yaya ya ce to. A ƙarƙashin tebur ya miƙo min.

Ja ne, mai huji huɗu, irin na kwat ɗin mata. Na sa shi a aljihun gaba.

Asalin Anti Nas aka fara taɓawa. Ta rubuta cewa gwarzuwarta tana da malamin da ya kore ta. Sai ga malamin a bakin kogi yana neman magani. Ta ce, "Yaya Tela, Allah ya isa," muka fashe. Sannan ta ba shi maganin. Wasan ya yi daɗi yau, ban ɓoye ba. Abin da ka rubuta da hannunka ya taso ya tsaya gabanka yana magana.

Na ƙagu a zo kan minshari.

Asabar, 20 ga Satumba

An zo.

Mun shiga kasuwar Birnin Gishiri. Ni ina ƙoƙarin sace agwagwa. Sai Tela ya ɗauko wani guntun farin ƙyalle ya naɗe wa fensir, ya tsayar da shi gaban murfin kwalba. Ya sauya murya. Ba muryar tsohuwa mai itace ba, wata ce, a hankali.

"Na gane ka. Kai ne madugun da ya yi barci."

Na toshe baki ina jiran zaki da shanu. Ba su zo ba. Tela ya cire duk abin dariyar, ya bar ƙashin. Matar ta ce da hannun nan take aiki. Ta ce ta ba shi amanar ranta da safe, ya rufe ido. Ta ce, "Me ka yi da daren da ba ka yi barci a gidanku ba?"

Sifana yana juya notinsa.

Tela ya ce, da muryarsa, "Mai Garkuwa, me za ka ce mata?"

Yaya ya dubi fensirin. Ya dubi Tela. Sannan ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda ake duba taya a ga inda ta huje. Ya miƙe ya ce, "Ku ci gaba." Ya bar murfinsa a kasuwa.

Na ce, "Wasa ne fa." Ban san wa nake faɗa wa ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Yaya ya ci abinci a waje.

Litinin, 22 ga Satumba

Na je wurin Tela kafin in buɗe shago. Na ce ai shi ya ɓata abin, ni na rubuta na dariya, shi ya mai da shi wa'azi. Ya ajiye almakashi.

"Tsaya. Ba shi ya faɗa maka ka rubuta ba?"

Na ce ya ce in rubuta wani abu.

"Ya karanta?"

Na ce takardar a naɗe take.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce shi da ya ga hannuna, ya ɗauka Yaya ne ya zaunar da ni ya faɗa, ni na ƙara gishiri. Ya ce har murna ya yi, ya ce mutumin nan ya shirya magana ke nan, ya zaɓi ya yi ta a inda ba za a yi masa dariya ba. Kwana ya yi yana gyara muryar matar don kada ta fito kamar wasa.

Ya ce, "Ni ma da nawa laifin, ban tambaye shi ba. Amma kai, Auta, ka sayar da yayanka a kan maɓallin kwat."

Na ce ban sayar ba, aro ne. Bai yi dariya ba. Mutanen nan sun daina gane wasa.

Laraba, 24 ga Satumba

Jiya na sa maɓallin cikin takalmin Yaya. Na ce in ya taka zai yi tsaki, in ya yi tsaki zan ce wani abu, daga nan sai magana.

Yau na tarar da shi a kan tabarmata, an ajiye shi a tsakiya daidai. Ko tsakin ban samu ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Tun da na fara riƙe kilifa ni nake yi wa Yaya aski. Kansa na fara koyo a kai, na yi masa rami a ƙeya, ya sa hula mako guda bai faɗa wa kowa ba.

Yau ya wuce ta gaban shagonmu da sabon aski. Na wancan mutumin na bakin tasha ne, na gane, shi ne ke cin gaban goshi kamar ɓera. Mai shago ya ce, "Wancan ba yayanka ba ne?" Na ce kama ce.

Asabar, 27 ga Satumba

Mu uku. Murfin kwalba yana nan a kasuwa, fensir mai ƙyalle yana gabansa. Sifana ya ce a matsar da shi mu wuce. Tela ya ce shi ba ya taɓa gwarzon wani, ko shekara zai yi a nan.

Muka fita bayan gari ba mai garkuwa. Kuraye suka yi mana kaca-kaca. Na jefa biyu, ga maɓalli a aljihu, ban fito da shi ba. Sifana ya ce, "Kai, sa maɓallinka mana!" Na ce na manta shi a gida.

Da na dawo Mama tana ninke kaya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Dā ranar Asabar nake jin muryar ɗana. Yakan shigo yana ba ni labarin dodanni, ni da ban san kansu ba. Me kuka yi masa?"

Na ce kuraye ne.

Ta ce, "Na san kuren. Ni na haife shi."

Talata, 30 ga Satumba

Anti Nas ta biyo ta shago daga wurin aiki, da farin takalminta. Ta ce in fito. Na ce ina da kai a hannu. Ta ce kan zai jira.

Ta ce, "Kana tuna zazzaɓin da ya kwantar da kai a asibitinmu?"

Na ce kaɗan-kaɗan. Na tuna silin, da ƙarfen ƙarin ruwa, da wani yana jiƙa min goshi. Mama ce.

"Mama da rana. Ɗakin maza ne, ba a barin mace ta kwana. Wa kake tsammani yake zama a kujerar roba har asuba, ya wanke fuska a famfonmu ya tafi ɗaukar ma'aikata?"

Yaya ne.

Ta ce ta faɗa masa ya nemi hutu, ya ce in ya nema za a ba wani motar. Ta ce ranar da aka kawo mutanen ramin, ni ina ɗaki na gaba ina barci, zazzaɓi ya sauka. Shi ya roƙe su kada a faɗa min, wai yaro ne, zai sa a ransa.

"Ni ban yi alkawari ba," in ji ta. "Kai kawai na gyaɗa. Koma ka gama kan mutumin."

Na koma. Na yi wa mutumin aski mai kyau. Ya ce yau ba labari? Na ce kilifa ce ke ƙara.

Minshari. Har da zaki na sa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na yaga na ƙwai, na rubuta wani. Ya fi wanke allo da sake rubutawa wuya, domin wannan ba a bakin malam ake ɗauka ba.

Gagara-Kamu yana da uwa mai ninke kaya. Yana da wa. Ciwo ya taɓa kama shi a wani masauki, wan ya zauna a kansa dare bayan dare yana yi masa addu'a, da safe ya tafi jan amalanke. Abin da ya faru a hanya ya faru. Ɓarawon bai sani ba, ya yi ta ba da labarin a kasuwa ana dariya. Abin da yake tsoro: ya shiga gida a amsa masa sallama da "to".

Na kai wa Tela. Wannan karon ya tsayar da keke. Ya karanta ya miƙo min abina.

Ya ce sabuwar doka: ba ya karɓar asalin da ya taɓa gwarzon wani sai mai gwarzon ya karanta da idonsa ya ce ya yarda.

Na ce dokar nan don ni aka yi ta. Ya ce ƙwarai.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Na same shi a wurin wanki bayan la'asar, yana matse tsumma. Na tsaya kamar mai neman aiki. Na ce, "Yaya, Tela ya ce sai ka duba." Ya goge hannu a wando ya karɓa.

Yana karatu a hankali, leɓensa na motsi. Ni ina kallon kumfa tana bin kwata. Ya kai ƙarshe ya koma sama.

"Nas ce?"

Na ce kai kawai ta gyaɗa.

Ya ce, "Akwai ƙarya a ciki."

Na ce ina?

"Nan da ka ce ina yi maka addu'a. Sauro nake kashewa. Kuma mai minsharin kai ne, har na gadon kusa ya nemi a canja masa ɗaki."

Ya miƙo min takardar, gefenta ya jiƙe. Na ce to ya yarda? Ya ce in gyara wurin sauron. Ya ɗauki bokiti ya juya. Ban san ko wannan yarda ba ce. Na dai gyara.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mun zauna, Tela yana jera kaya a hankali, yana ɓata lokaci da gangan. Sifana ya buɗe baki zai yi magana, sai ga sallama. Yaya ya ja kujerarsa ya zauna kamar jiya ya tashi. Ya dubi taswira ya ce, "Wa ya bari kuraye suka ci rabin garin?" Duk suka nuna ni.

Tela ya karɓi asalina ya ba ni jan maɓalli. Nawa na kaina. Na fito da ɗayan na tura wa Yaya, na ce wa Tela ina da tambaya: maɓalli yana iya sake jifar abin da ya riga ya wuce? A koma ranar amalanke, a jefa, wataƙila madugu bai yi barci ba.

Tela ya ce ba a taɓa yi ba, amma in mai gwarzo ya so, zai bari.

Yaya ya juya maɓallin a yatsa. Ya ce, "A bar ta a ramin. Ta faɗi."

Ya matsar da murfinsa dab da fensir mai ƙyalle. Ya ce Mai Garkuwa zai ajiye garkuwa a ƙasa. Zai ce mata, ni ne. Na yi barci. Dalili yana nan amma ba zai ɗora miki hannu ba. Ina neman afuwa.

Ban taɓa jin ya jera magana haka ba tun farkon shekara.

Tela ya ce ya jefa. Uku.

Yaya ya sa maɓallinsa. Ya sake. Biyar. Sifana ya kama kai.

Ban san lokacin da hannuna ya kai tsakiyar tebur da maɓallina ba. Tela ya ce, "Naka ne fa, yanzu ka same shi. Kuma akwai kuraye a gaba." Na ce ni Gagara-Kamu ne, in ina so zan sato wani.

Goma sha ɗaya.

Tela ya yi muryar matar. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce tulunta yana bakin rijiya, kuma ba ta iya ɗauka da hannu ɗaya. Yaya ya ce Mai Garkuwa zai ɗauka.

Daga baya kuraye suka cinye min ƙafar wando da rabin mutunci. Yaya ya yi dariya har da buga ƙafa.

Litinin, 6 ga Oktoba

Da safe, ko shara ban gama ba, Yaya ya shigo ya zauna a kujerata. Ya ce in gyara ɓarnar mutumin tasha. Ya ce in yi da kyau, zai je gaida wata, Nas ta samo masa kwatancen gidan. Ban tambayi wace ba.

Na yafa masa tawul. Ƙeyar nan tana gabana, fili guda, daidai inda na taɓa yin rami. Dā ne da na zana masa ƙaramin zaki a wurin, sai ya isa can a faɗa masa. Ban yi ba. Ba don komai ba, kilifar ce ba ta da kaifin zane.

Na ɗaga masa madubi ta baya. Ya duba sosai, har da shafawa, don ya san ni. Ya ce, "To." Sannan ya ce, "Hannunka ya faɗa, Auta." Wani gashi ya shiga idona, na je baya na wanke.

Saura magana ɗaya, tunda littafin ya soma da ita. Duk wanda ya karanta har nan, ƙaiƙayin ba zai kama shi ba, ba ni da wannan ikon. Ba uban ɓarayin Birnin Gishiri ya rubuta wannan ba, wancan kwarkwaron zare ne a gwangwanin Tela. Ni ne, Auta, mai aski a kujera ta biyu, ƙanen direba. Ba daga ƙwai na fito ba. Maɓalli kuma ba ni da ko ɗaya.